Duban gini a cikin birnin Kano

Duban gini shi ne ziyarar da jami'an hukuma ko ƙwararru masu rajista suke kai wa wurin da ake gina gida, a matakai daban-daban na aikin, domin su tabbatar cewa abin da ake ɗorawa a ƙasa ya yi daidai da zanen da aka ba da izini a kansa. A cikin birnin Kano, wato unguwannin da ke cikin ganuwa waɗanda a yau suka faɗa ƙarƙashin ƙananan hukumomin Birni da Kewaye, Dala da Gwale, alhakin wannan aiki yana wuyan Hukumar Tsara Birane ta Jihar Kano, wadda aka fi sani da KNUPDA.

Izinin gini da duban gini ba abu ɗaya ba ne. Izini amincewa ce da zane a kan takarda kafin a fara aiki. Duba kuwa bin diddigi ne bayan an fara. Muhimmancinsa ya taso ne daga yadda gini yake rufe aibinsa: da zarar an zuba kankare a kan rodi, ko an mayar da ƙasa a ramin harsashi, ido ba ya sake ganin abin da ke ciki. A cikin birni, inda gidaje suke manne da juna kuma sau da yawa katanga ɗaya ce ta raba gida biyu, kuskuren mai gini guda yakan shafi maƙwabtansa.

Kalmomin aikin

Harshen magina a Kano ya haɗa tsofaffin kalmomin Hausa da na aro. Daga ginin ƙasa aka gaji tubali, azara, makuba, indararo, zanko, soro da zaure. Ginin zamani ya zo da bulo, siminti, rodi, kankare, fila, linta da dekin, da sunayen ma'aikata irin su birkila, kafinta, lebura, safiyo da injiniya. Ana cewa harsashi ko tushe, magina da yawa kuma sukan ce fandesho. Kalmar duba-gari, wadda ta samo asali tun zamanin Turawa, tana nufin jami'in tsafta mai shiga gida-gida, ba mai duba ƙarfin gini ba, ko da yake aikinsu yana haɗuwa a kan masai, rijiya da magudanar ruwa.

Tarihi

Kafin zuwan Turawa

Littafin Tarihin Kano ya danganta fara gina ganuwa ga Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134. An faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), aka sake ƙara ta a ƙarni na 17. A cikin wannan ganuwa aka yi ɗaruruwan shekaru ana gini da ƙasa, ba tare da zane a takarda ba.

Rashin takarda bai hana sa ido ba. Gini sana'a ce ta gado, kuma magina suna da shugabansu, Sarkin Magina, wanda yake kula da manyan ayyukan fada, ana kuma neman ra'ayinsa idan an yi saɓani a kan aiki. Kayan aikin ma suna da iyakarsu: azarar giginya ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa idan tazarar ta yi faɗi, don haka sai magina suka ƙware a bakan gizo da ɗaurin guga domin rufe manyan soraye. Katanga takan yi kauri daga ƙasa, ta riƙa sirancewa zuwa sama. Kowace shekara kafin damina akan yi yaɓe, a gyara indararo.

Rikicin iyaka, hanya da kwatar ruwa yakan fara ne a gaban mai unguwa, idan ya gagara ya wuce gaban alƙali. Fiƙihun Malikiyya, wanda alƙalan Kano suke hukunci da shi, ya yi bayani mai faɗi a kan hana cutar da maƙwabci: buɗe taga da za ta leƙa tsakar gidan wani, juya indararo ya zuba a katangarsa, haƙa masai kusa da rijiyarsa, ko cin hanyar jama'a. A ƙarni na 14 wani babban magini a Tunis mai suna Ibn al-Rami, wanda alƙalai suke turawa ya duba gine-ginen da ake shari'a a kansu, ya tara irin waɗannan hukunce-hukunce a littafinsa al-I'lan bi Ahkam al-Bunyan.

Zamanin mulkin mallaka

Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903. Dokar garuruwa ta 1917 da dokar tsara gari ta 1946 sun fi aiki ne a sababbin unguwannin wajen ganuwa, kamar Nasarawa, Bompai da Sabon Gari. Cikin birni an bar shi a hannun En'e, ƙarƙashin Sarki, wakilan fuskoki huɗu da masu unguwanni. Wannan ne ya sa har yau gidaje da yawa a cikin birni ba su da takardar mallaka ta gwamnati, sai shaidar gado, takardar ciniki ko hukuncin kotu na rabon gado.

Bayan 'yancin kai

A farkon shekarun 1960 aka kafa hukumar tsara Kano da kewayenta, aka kuma shirya tsarin shekara 20 na 1963 zuwa 1983, wanda aka fi sani da sunan B. A. W. Trevallion da ya jagoranci aikin. Hukumar ta sauya suna da fasali sau da yawa. A 1990 aka kafa KASEPPA, daga baya aka sake mata fasali ta zama KNUPDA. A cikin waɗannan shekaru ne bulo da kwano suka fara maye gurbin tubali da azara, benaye kuma suka fara tashi a filayen da da can ɗakunan ƙasa ne a kansu.

Dokoki da hukumomi

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun gwamnan jiha, kuma shi ne yake ba da takardar mallaka da ake kira C of O. A Kano, aikin rajistar filaye yana hannun ma'aikatar ƙasa da hukumar KANGIS.

Dokar Tsara Birane da Yankuna ta 1992 ta tanadi cewa ba za a fara gini ba sai da izini, ta kuma bai wa sashen kula da gine-gine ikon dakatar da aiki da ba da sanarwar gyara ko rushewa. A 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar da jihar Legas ta shigar da gwamnatin tarayya, ta yanke cewa tsara gari da ba da izinin gini a cikin jiha hurumin jihar ne. Saboda haka dokar jihar Kano ce take iko da gini a cikin birni.

A 2006 aka fito da Kundin Ƙa'idojin Gini na Ƙasa. Kundin ya raba aiki mataki-mataki, ya tanadi takardar shaida da ƙwararre zai sa wa hannu a ƙarshen kowane mataki, da kuma takardar amincewa da shiga gida bayan an gama. Amma kundin ba ya zama tilas a jiha sai jihar ta sa shi a dokarta.

Ƙwararrun da suke sa hannu a zane ko su kula da aiki suna da hukumomin rajistarsu: ARCON ta masu zanen gini (1969), COREN ta injiniyoyi (1970), TOPREC ta masu tsara gari (1988) da CORBON ta magina masu takardar ƙwarewa (1989). Ingancin siminti, rodi da bulo kuwa hukumar SON ce take fitar da ma'auninsa. Dokar Inshora ta 2003, wadda ta yi aiki har zuwa 2025, ta wajabta yin inshora ga ginin da ya haura hawa biyu tun yana kan aiki.

Ganuwa da ƙofofinta da Gidan Makama suna cikin kayan tarihin ƙasa da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa take kula da su, kuma a 2007 an sa ganuwar a jerin wucin gadi na hukumar UNESCO. Don haka gini a jikin badala ko a kanta ya shafi dokar kayan tarihi, ba ta tsara gari kaɗai ba.

Neman izini

Mai son yin gini yakan gabatar da shaidar mallakar fili, taswirar safiyo, zanen gini, da zanen injiniya mai nuna girman harsashi, filoli da yawan rodi idan bene ne. Kafin a amince, jami'ai sukan je su ga filin, su tabbatar yana inda takarda ta ce, bai hau hanya ko magudana ba, kuma ba ya ƙarƙashin babbar wayar lantarki. Bayan an biya kuɗin da aka ƙayyade, sai a buga wa zanen hatimi. Ana son a ajiye kwafinsa a wurin aiki, domin da shi mai duba zai auna abin da ya gani.

Rushe tsohon gida a sake ginawa, ɗora bene, da mayar da zaure ko ɗakin bakin hanya ya zama shago, duk suna cikin ayyukan da suke bukatar izini. Su ne kuma mafi yawan ayyukan da ake yi a cikin birni, tun da fili fetal ya yi ƙaranci.

Matakan duba

Shata fili. Wannan shi ne lokacin da aka kafa turaku aka ja igiya, kafin a fara haƙa. Ana auna iyakoki, tazarar da aka bari daga hanya, da girman ɗakuna. Gyara a wannan mataki bai wuce cire turke a sake kafawa ba.

Harsashi. Ana duba ramin kafin a zuba kankare: zurfinsa, faɗinsa, da irin ƙasar da aka tarar. Idan ƙasar cikon shara ce ko laka, dole a ci gaba da haƙa har a kai ƙasa mai tauri, ko injiniya ya sauya tsarin harsashin.

Daɓen ƙasa. Ana duba cikon da aka yi, ko an daddaɓe shi sosai, da shimfiɗar da take hana danshi hawa jikin bango. Ana kuma lura da tsayin daɓen a kan hanya, domin kada ruwan sama ya shiga gida.

Filoli, linta da dekin. Nan ne mataki mafi hatsari a ginin bene. Kafin a zuba kankare ana ƙirga rodi, a auna kaurinsa da tazarar da ke tsakaninsa, a ga yadda aka ɗaure shi, a kuma tabbatar an ɗaga shi daga katako yadda kankare zai lulluɓe shi kada ya yi tsatsa. Ana duba katakon da zai tallafi dekin. Haɗin da aka fi amfani da shi a ƙananan gidaje shi ne awo 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa. Yawan ruwa yana sauƙaƙa wa lebura aiki, amma yana rage ƙarfin kankare. Kankare ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba, siminti ne yake haɗuwa da ruwa a hankali, shi ya sa ake ba shi ruwa na kwanaki, musamman a lokacin zafi da hunturu. Ana auna cikakken ƙarfinsa ne bayan kwana 28, ta hanyar matse ɗan curin gwaji mai faɗin milimita 150 a na'ura. Cire katako da wuri, ko jibge bulo a kan ɗanyen dekin, suna cikin abubuwan da suke jawo rushewa.

Bulo. Ana amfani da mai inci 9 a bangon da yake ɗaukar nauyi, mai inci 6 kuma a rabe-raben ciki. Ƙarfin bulo ya dogara ga yawan da aka fitar daga buhun siminti mai kilo 50 da kuma ba shi ruwa bayan bugawa. Bulon da yake marmashewa a hannu alama ce ta an tsawaita yashi.

Rufi, wuta da ruwa. Ana duba yadda aka ɗaure katakon rufi da bango, saboda iskar farkon damina takan yaye kwano. Wayoyin lantarki da bututun ruwa ana duba su kafin a yi filasta ta rufe su. Haka nan masai, sokawe da hanyar fitar ruwan wanka.

Duban ƙarshe. Bayan an gama, ana kwatanta ginin da zanen da aka amince da shi kafin a shiga.

Abubuwan da suka keɓanta da cikin birni

Katangar tarayya. A unguwanni irin su Yakasai, Zango, Mandawari da kewayen Kasuwar Kurmi, gidaje da yawa suna jingine da juna. Idan aka rushe gida guda, katangar ƙasa ta maƙwabci takan rasa abin da yake tallafa mata, ruwan sama kuma ya same ta kai tsaye. Haƙa harsashi mai zurfi a gindinta yana iya zaftare ta. Mai duba yakan nemi a tokare katangar, a riƙa haƙa kaɗan-kaɗan ana cikewa, maimakon a buɗe ramin gaba ɗaya.

Kududdufai. Ƙasar da aka gina birnin da ita daga cikinsa aka haƙo ta, ramukan suka zama kududdufai masu tara ruwan damina. An cike da yawa daga cikinsu da shara da ɓaraguzai, aka yi gini a kai. Irin wannan ƙasa tana ci gaba da zama shekara da shekaru, ginin da ke kanta ya tsage ko ya karkace. Cike kududdufi yana kuma kora ruwan da yake tarawa zuwa lunguna da gidaje, abin da yake ƙara nauyi a kan rafin Jakara da magudanan da suke zuba a cikinsa.

Lunguna. Wasu lungunan ba sa ɗaukar mota, sai a kai yashi da bulo da baro ko kura, a kwaɓa kankare da shebur, wanda ba ya haɗuwa daidai kamar na inji. Dakali, matakala ko barandar bene da ta leƙo waje tana ƙara matse hanya, har motar kashe gobara, mai ɗaukar mara lafiya ko masu ɗauke da makara su kasa wucewa.

Ɗora bene a kan tsohon gini. Iyali suna ƙaruwa, fili ba ya ƙaruwa, rabon gado kuma yana daddatsa gida. Mafita ga mutane da yawa ita ce hawa sama. Harsashin da aka yi don ɗaki ɗaya ba a yi shi don ɗaukar dekin da wani hawa ba, don haka akan bukaci injiniya ya tona gefensa ya gani kafin a amince.

Haɗa ƙasa da siminti. Shafa wa katangar ƙasa siminti yana ba ta kyan gani, amma idan ruwa ya shiga ta tsaga ba ya samun hanyar fita. Ƙasar takan jiƙe daga ciki ba a sani ba, har katangar ta faɗi, galibi a watan Agusta lokacin da ruwa ya fi yawa a Kano.

Rijiya da masai. Ƙa'idojin lafiya na duniya sukan ba da shawarar tazarar mita 30 tsakanin ramin masai da rijiyar sha. Gidaje kaɗan ne a cikin birni suke da wannan faɗi, kuma masan wani yana iya zama bayan rijiyar maƙwabcinsa.

Sirrin gida. Tagar bene da take kallon tsakar gidan maƙwabci tana cikin abubuwan da aka fi kai ƙara a kansu wurin mai unguwa. Akan warware ta da ɗaga tagar sama da tsayin mutum, ko juya ta wani ɓangaren, abin da ya fi sauƙi idan an lura tun a zane.

Matakin da ake ɗauka kan saɓa ƙa'ida

Idan jami'ai suka tarar da gini babu izini, ko ya saɓa wa zanen da aka amince da shi, sukan yi masa alama da jan fenti, su ba da takardar dakatar da aiki, su gayyaci mai shi ofis. Abin da yake biyo baya ya haɗa da gyara zane a sake neman amincewa, biyan tara, cire ɓangaren da ya hau hanya ko magudana, ko rushe ginin gaba ɗaya. Wanda bai gamsu ba yana da damar zuwa kotu.

Rusau ya sha jawo muhawara a Kano. A watan Yuni na 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe shagunan da aka gina a Filin Idi kusa da Ƙofar Mata a zamanin gwamnatin da ta gabace ta, tana mai cewa filin na jama'a ne. Masu shagunan suka kai ƙara, Babbar Kotun Tarayya da ke Kano ta ba da umarnin a biya su diyyar naira biliyan 30.

Rushewar gine-gine

A ranar 30 ga Agusta, 2022, wani bene mai hawa uku da ake kan ginawa a titin Beirut, wajen ganuwa, ya rufta a kan mutane, aka samu asarar rai. A Legas, bene mai hawa 21 da ake ginawa a Ikoyi ya rushe a ranar 1 ga Nuwamba, 2021, ya kashe fiye da mutum 40. A Jos, ginin wata makaranta ya rufta a ranar 12 ga Yuli, 2024, mutum 22 suka rasu, yawancinsu ɗalibai. Dalilan da ƙungiyoyin injiniyoyi da magina suke yawan ambatawa bayan irin waɗannan haɗurra su ne ƙara hawa fiye da abin da aka amince, rage rodi da siminti, raunin harsashi, da rashin ƙwararre a wurin aiki. Dukkansu abubuwa ne da ake iya gani idan an zo duba kafin a rufe aikin.

Matsaloli

Babbar matsala ita ce yawan gine-gine ya fi ƙarfin jami'an da ake da su, ga shi aikin da ake yi a can cikin lungu ba a hango shi daga titi. Rashin takardar mallaka ta gwamnati yana sa wasu su ƙi tunkarar hukuma tun farko. Kuɗin zane da na izini yana yi wa mai ƙaramin ƙarfi nauyi, sai ya wadatu da birkila. Gidaje da yawa kuma ana gina su ne a hankali, gwargwadon samu, har aikin ya ɗauki shekaru, a sauya magina, a sauya tsari, ba tare da an koma wurin hukuma ba. Tsadar siminti da rodi tana ƙara kwaɗayin ragewa.

Akwai kuma giɓi tsakanin tsarin gargajiya da na gwamnati. Mai unguwa da maƙwabta su ne suke fara sanin an soma gini, sun san tarihin filin da inda tsohon kududdufi yake, amma ba su da hurumin auna rodi ko dakatar da aiki. Jami'in hukuma yana da hurumin, amma sau da yawa labari ba ya isa gare shi sai dekin ya riga ya bushe. Shawarwarin da masana tsara gari suke bayarwa sun haɗa da sa masu unguwanni cikin sanar da hukuma, sauƙaƙa izinin ƙananan gidaje, horar da birkiloli, da fitar da ƙa'idoji na musamman da suka dace da lunguna, katangun tarayya da ginin ƙasa na cikin ganuwa.